Haihai a Rufin Inna

Gara in faɗa tun da wuri: shekara da shekaru ina nuna wa Turawa haihai, wata dabbar dare ta dajinmu, amma ni ban taɓa kallonsa ba. In muka isa gindin bishiyar da yake, sai in ɗaga hannu sama in ce "ga shi can", idona kuwa yana kan takalmina. Na san takalman nan ciki da waje. Duk abin da nake faɗa a kan dabbar a littafin da aka ba mu wajen horo na haddace shi, shi ma hoton da ke shafin na liƙe shi da takarda.

Mutanenmu na cewa in haihai ya nuna ka da dogon yatsansa, to ka fara sallama da dangi. Ni na yi makaranta, ina da katin jagoran baƙi daga ofishin gandun daji, har da hotona a jiki, saboda haka ban yarda da wannan ba. Abin da ke damuna ƙyama ce. Waɗanda suka gan shi sun ce kunnuwansa na jemage ne, haƙoransa na gafiya, gashinsa kamar tsohuwar tsintsiyar da aka manta a ruwa. Ban ga dalilin da zai sa in tabbatar da idona ba.

Sunana Tombozafy, kuma aikina ke nan: baƙi su sauko daga jirgin ruwa a bakin gaɓar ƙauyenmu, in shige gaba, su biyo ni cikin daji ruwan sama yana dukanmu. Sun tsallako tekuna, sun bar gadaje masu laushi, don matsattsaku ya sha jininsu a ƙasarmu. Suna warin man sauro da jiƙaƙƙiyar safa. Na taɓa ganin mace mai furfura ta durƙusa ta ɗauki kashin biri, ta murza shi da yatsu, ta shinshina, sannan ta miƙo mini in ji. Na ce mata na karya kumallo. Duk da haka ina yi musu karatuna da murya mai daɗi, musamman na haihai, don shi suka fi biya a nuna musu.

"Dabba ce da babu irinta a duk duniya," nakan ce. "Yana ƙwanƙwasa itace da yatsa, ya kasa kunne. In ya ji rami a ciki, ya san akwai tsutsa, sai ya huda da haƙori ya zaƙulo ta. Ruɓaɓɓen itace shi ne kasuwarsa."

Na faɗi wannan sau da yawa har nakan faɗe shi ina tunanin abin da za a dafa a gida.

A makon da abin ya faru, baƙina biyu ne: Madam Ilza da mijinta Konrad. Ita doguwa ce, mai kyamara kamar turmi. Shi kuma mutum ne mai shiru da ciwon baya, wanda ke bin matarsa duk inda ta nufa da fuskar wanda aka aika. Kwana da kwanaki muna neman haihai bai fito ba, ita ta fara ɓata rai, ni kuwa ina godiya a zuci.

Da safe ina zaune bayan kicin ɗin masaukin baƙi, ina shan ruwan ƙanzon shinkafa, sai ga Lezoma. Taubashina ne, ɗan Kawu Bezara, kuma shi ke tuƙa jirgin da ke kawo baƙi. Tun muna yara bai taɓa kawo mini labari mai daɗi ba, kuma yau ma murmushi yake.

"Shehin birai, ka yi baƙo," ya ce.

"A wane jirgi?"

"Wannan ba ya hawa jirgi. Da asuba matar Jaovelo, maƙwabcin Inna, ta fito zub da ruwa, ta gan shi zaune a kan rufin Inna yana sosa ciki. Abokin cinikinka. Yanzu ya shige cikin ganyen rufin yana barci."

Na ajiye kofin.

"Ka taho," ya ce. "Baba yana can da sandarsa. Kuma ka taho da katinka, wataƙila in ka nuna masa zai fita."

Ɗakin Inna shi ne na ƙarshe kafin gonakin kanumfari. Babana ne ya gina shi kafin a haife ni, a kan ƙafafun itace, da rufin ganye. A ciki ta haife mu duka, a ciki ta yi jinyar Baba har ya rasu. Na sha ce mata ta dawo gidana, ita kuma ta sha ce mini gawarta ce za ta dawo. Ƙorafinta ɗaya a kan ɗakin shi ne babbar azarar tsakiya, wadda ke zubo mata gari a cikin shinkafa. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta nuna mini akushi.

"Dubi. Ni da itace muke cin abinci."

"Bari a sayar da kanumfari, Inna, in sa a canja ta."

An sayar da kanumfari ba sau ɗaya ba.

Da na isa, rabin ƙauye na tsaye nesa da ɗakin, kowa ya juya masa gefe. Inna na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa kamar ba da ita ake ba. Kawu Bezara, ƙaninta, shi ke riƙe da sandar kakanni a zuriyarmu, shi ke magana da su a madadinmu. Yana tsaye da hularsa ta kaba, ya dogara da sandar.

"Ka zo, ɗan Turawa," ya ce. "Ka san hukuncin, ba sai na maimaita ba, amma zan maimaita saboda ka yi boko. A kashe shi, a rataye shi a sanda a mararrabar hanyar gaɓa, baƙon da ya wuce ya kwashi sharrin ya tafi da shi. In rana ta faɗi ba a yi haka ba, ɗakin ya zama nasa. A fitar da Yaya, a sa wuta."

"Ba inda za ni," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Yaya, ba ni na ce ba."

"Kai ka ce. Da bakinka na ji."

Hanyar gaɓa ita ce hanya ɗaya tak daga jirgi zuwa masauki. Duk baƙon da na taɓa yi ta nan ya bi. Na hango Madam Ilza ta yi kiciɓis da haihai a rataye, ƙuda na bin sa, ta ɗaga turmin nan nata ta ɗauka. Na hango hoton a teburin ofishin gandun daji, da katina a gefensa an raba shi biyu da almakashi. Kashewa dai ba ta yiwuwa. In kuma ba a kashe ba, ɗakin Baba ya zama toka.

Matata Soavelo ta matso kusa da ni a cikin taron, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"In aka ƙone ɗakin, ina Inna za ta kwana?"

"A gidanmu."

"A wane gadon?"

Na juya ina kallon rufin Inna.

"To," ta ce, "kai ne mai ilimi."

Na ja Kawu gefe, gindin kwakwa. Na cire hula, abin da ban cika yi ba.

"Kawu, ina da tambaya, ba gardama ba. Kakanni cewa suka yi a kashe shi, ko cewa suka yi baƙo ya tafi da shi?"

"Duk ɗaya ne."

"Da baƙo zai zo ya goya shi a bayansa da ransa, ya fita da shi daga ƙauye da ƙafarsa, ba wucewa kawai ya yi ta gefensa ba, ai ya fi kwasar sharrin da kyau."

Kawu ya dube ni kamar na ce masa kifi ya hau kwakwa.

"Wane mahaukacin baƙo ne zai goya wannan abin?"

"Ina da biyu a masauki. Saboda shi suka zo."

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Ya tambaye ni ko sun san abin da za su ɗauka, na ce sun fi ni saninsa, har sunansa na littafi sun sani. Ya ce ba wannan yake nufi ba. Na ce na gane. Muka dubi juna, irin kallon mutane biyu da suka shirya cutar na uku.

"Da sharaɗi," ya ce daga baya. "Baƙon ne zai ɗauka, tun daga ƙofar nan har inda za a sake shi. Hannun ɗan gida kada ya taɓa akurkin da za a sa shi a hanya, in ya taɓa, sharrin ya gane hanyar dawowa. Lezoma zai bi ku ya zama idona. Kamawa kuma aikin ɗan mai ɗaki ne."

Na waiga ko Inna na da wani ɗan a kusa. Yayana yana birni yana sayar da taya.

Aka kawo tsani da buhun shinkafa da akurkin kaji mai murfi. Lezoma ya riƙe tsanin, yana girgiza shi kaɗan-kaɗan don ya ƙarfafa mini gwiwa. Na hau har na kai azarar, na dafa ta, garin itace ya cika mini tafin hannu, na goge a wando ban ko kula ba. Warin ne ya fara tarbata. Ban san yadda zan kwatanta shi ba, sai dai in ce kamar an jiƙa tsohon kare da fitsari an rufe shi a tukunya. Na rufe ido. Na sa hannu cikin buhu, na tura cikin ganye ina laluba, har na taɓa wani abu mai ɗumi mai motsi, gashinsa na tsira ta cikin buhun. Ya yi wani huci kamar tsoho ya shaƙe da taba. Na damƙe, na juye buhun a kansa, na sauko da ƙafa ɗaya a tsani ɗaya a iska.

"Buɗe idon mana, ka iso ƙasa," in ji Lezoma. "Jama'a, ku ga gwani. Ko kallo ba ya buƙata."

Na zazzage buhun cikin akurki, na ɗaure murfin, na je bayan ɗaki na mayar da ruwan ƙanzon da na sha.

Daga nan na wuce masauki, na wanke hannu har sau ba adadi, na sa rigar aiki. Na sami Madam Ilza tana cire matsattsaku daga idon sawun mijinta. Na gyara murya na ce mata wani abin tarihi na shirin faruwa. Na ce shekaru na yi ina wayar wa mutanena kai, yau ga shi sun kama haihai, maimakon su kashe shi sun yarda a mayar da shi daji, kuma don girmamawa suna so manyan baƙinmu su ɗauke shi da kansu. Ina faɗa ina jin ɗanɗanon maganar a bakina, bai fi na bayan ɗakin Inna daɗi ba.

Madam ta saki ƙafar mijinta. Idonta ya kawo ruwa.

A ƙofar Inna ta durƙusa gaban akurkin tana leƙe, tana yi masa irin muryar da ake yi wa jariri. Matan ƙauye suka rufe baki da gefen zane. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko matar ba ta da 'ya'ya ne, na ce tana da su, sun girma. Ta ce to Allah ya kyauta.

Kawu ya fuskanci gabas, ya zuba giyar rake a ƙasa, ya yayyafa saura a kan akurkin.

"Ku da kuka riga mu," ya ce, "ga abin da ya zo mana, ba mu kira shi ba. Ga kuma waɗanda suka zo daga nesa, su ma ba mu kira su ba. Mun haɗa su. Ciwo da mutuwa da duk abin da ke cikin yatsan nan, ya bi su, ya hau jirgi da su, ya sauka a garinsu. Garinsu da nisa, kuma an ce suna da asibitoci."

"Me yake cewa?" Madam ta tambaye ni.

"Yana roƙon kakanni su raka ku har gida."

Ta dafa ƙirji ta sunkuya wa Kawu. Kawu ma ya sunkuya mata, da ladabin mutumin da ya sayar da saniya mai tari.

Aka ɗaura wa akurkin igiya biyu, aka goya wa Konrad. Muka fita a jere, ni a gaba, shi a bayana, sai Madam, sai Lezoma da ƙullin abincin rana. Mutane suka juya mana baya har muka wuce, matar Jaovelo na binmu da tsintsiya tana share sawunmu. Inna kaɗai ce ba ta juya ba. Da na zo wucewa ta ce, "Da ka hau, ka ga azarar?"

"Inna, ba yanzu ba."

Inda za mu sake shi yana can saman tudu, bayan rafi, inda manyan bishiyoyi suke. Muna tsallake rafin ruwa ya sauko. Hanyar ta zama kunu. Matsattsaku suka fito a kan ganye, sun miƙe tsaye suna kaɗa kai kamar masu jiran mota. Ba mu yi nisa da hawan ba na ji an yi nishi a bayana. Na waiga, Konrad ya dafa bishiya, fuskarsa ta yi fari fat, ya sa hannu a ƙugu. Ya sauke akurkin a kan dutse a hankali, ya ce wa matarsa wani abu da harshensu. Wannan ne karo na farko da na ji ya yi doguwar magana.

"Bayansa ya riƙe," Madam ta ce mini. "Ba zai iya ba."

"To ke fa, Madam? Girmamawar ai taku ce ku biyu."

"Ni zan ɗauki hoto. In na goya shi a baya, ta ina zan gan shi?" Ta yi murmushi ta dafa kafaɗata. "Kai ya kamata ka ɗauka, Tombo. Kai ka cece shi."

Na dubi Lezoma. Yana tsaye ƙarƙashin ganyen ayaba da ya yanka ya yi lema, ƙafarsa cikin silifas ɗaya ja ɗaya shuɗi.

"Kar ka dube ni," ya ce da harshenmu. "Ni ido ne. Ido ba ya ɗaukar kaya."

"Mu sake shi a nan."

"Nan gonar Jaovelo ce. Kafin ka isa gida ya riga ka. Baba ya ce saman tudu."

"To ka ga dai mutumin ba zai iya ba."

"Na gani. Zan kuma ga wanda zai ɗauka, in je in faɗa. Rana ba ta faɗi ba, ashana kuma ba ta tsada." Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafata. "Sai dai idon nan nawa, in ƙafata ta ji ɗumi, yakan yi barci. Lamba nawa kake sawa?"

Takalman nan wani baƙo ne ya bar mini su, na fata, masu igiya har ƙwauri, ruwa ba ya shiga. Su ne abu mafi daraja da na mallaka, kuma su nake kallo duk lokacin da aiki ya yi tsanani. Na zauna a kan dutse, gefen akurkin, na kwance su, muka yi musanya da silifas ɗinsa. Madam ta tambaya ko wannan ma al'ada ce. Na ce e, mai ɗaukar haihai ba ya sa takalmi. Ta rubuta.

Silifas ɗin Lezoma ba su yi taku goma a taɓo ba ɗaya ya tsinke. Na ci gaba da ƙafa tsirara, akurki a baya, warin ya zagayo ta kafaɗa yana shiga hancina. Matsattsaku suka samu abin da suka daɗe suna nema. Ina jin su tsakanin yatsuna, ba halin in sunkuya. Wani ɗumi ya gangaro mini ta gadon baya har cikin wando, na san ba ruwan sama ba ne, ruwan sama ba ya da ɗumi.

Madam na biye da ni dab, kyamara na ta ƙyas-ƙyas, tana ba ni labarin abin da ke faruwa a bayana.

"Ya farka. Kai, dubi idonsa. Tombo, yana sa yatsan a hanci. Yana turawa. Ya shige duka, har gindi. Konrad, zo ka gani, duka ya shige." Kyamara ta yi ƙara. "Ya zaro. Yana lashewa. Na karanta suna yin haka, ban taɓa zaton zan gani ba."

"Me take cewa?" in ji Lezoma.

"Tana yabon halittar Allah."

Ban rufe baki ba na ji wani abu siriri, mai sanyi, mai danshi, ya taɓa bayan kunnena. Ya zagaya a hankali kamar mai neman ƙofa. Ya samu. Ya shiga.

Ban yi ihu ba, wannan kam zan iya rantsewa. Na tsaya cak, na juyo da kai, muka haɗa ido ta ramin saƙar akurkin, tsakanin hancina da nasa bai fi tafin hannu ba. Ashe duk waɗanda suka kwatanta mini shi sun yi masa alheri. Idanu rawaya, a buɗe tar, ba ƙiftawa. Fuska kamar ta tsohon da aka tasa daga barci a gidan biki. Haƙora biyu sun yi waje, launinsu na wanda ya shekara yana cin taba. Hannun kuwa kamar gizo-gizon da ya mutu ya bushe, sai yatsan nan ɗaya, ƙashi da fata, yana sheƙi da abin da ya kwaso. Ya zare shi daga kunnena, ya duba, bai sami komai ba. Sai ya ɗora shi a goshina ya ƙwanƙwasa da sauri, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya karkato da kunne ɗaya yana saurare.

Lezoma ya zauna a taɓo saboda dariya, da takalmina a ƙafarsa.

"Ya ji rami," ya ce. "Shehi, tsaya ya huda, wataƙila a samu tsutsa."

Madam ta ɗauki wannan ma. Ta ce dabbar ta zaɓe ni.

A saman tudu na sauke akurkin gindin wata babbar bishiya, na kwance murfin da sanda. Na zaci zai yi tsalle ya ɓace. Ya fito a hankali, ya tsaya ya yi miƙa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafin waɗanda suka zo masa gaisuwa, sannan ya hau bishiyar ba gaggawa. Madam ta rungume ni tana kuka, da rigata da abin da ke jikin rigar. Konrad ya miƙa mini hannu, ya ce na gode da harshenmu, kalmar da ya koya a jirgi. Shi ne kaɗai na ji kunyarsa a ranar, don na san abin da Kawu ya aika masa da shi, ko da yake a bayana ya ƙare.

Mun dawo kafin rana ta faɗi. A bakin rafi na mayar wa Konrad akurkin, babu komai a ciki, ya shigo da shi ƙauye a hannu. Kawu na jira a mararraba.

"Baƙon ne ya kai shi?"

"Da bayansa, Baba," in ji Lezoma. "Dubi yadda yake tafiya."

Kawu ya dubi Konrad da ke ɗingishi ya dafe ƙugu, ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, ya ce abin har ya fara kama shi. Ya dubi ƙafata mai jini, ya dubi ƙafar ɗansa. Ya ɗaga sanda ya sanar cewa ɗakin ya tsira. Soavelo ta dafa mini kaza a ranar, amma ta ce in ci a waje, kuma sai da na yi wanka da toka kafin ta bar ni na shiga ɗaki. Kunnen kuwa na zuba masa giyar rake, na zuba masa ruwan zafi, na zuba masa man kanumfari. Har yau in na kwanta ta wannan gefen ina jin yatsan.

Bayan baƙin sun koma, hoton ya iso. Ni ne a tsaye cikin ruwa, ba takalmi, ido a zare, haihai na ƙwanƙwasa mini goshi. An manna shi a bangon masauki, an manna a ofishin gandun daji, da rubutu a ƙasa cewa ga jagoran da ya sauya zuciyar ƙauyensu. Baƙi suka fara nemana da suna. Sukan ce in tsaya gefen hoton su ɗauke mu tare, in yi irin fuskar. Ba ta yi mini wuyar yi.

Na je gaishe da Inna, na gaya mata har a ƙasar Turawa an san ɗanta. Ta turo mini akushi.

"Dubi."

"Inna, kanumfari ya kusa."

Ɗakin ya faɗi wata ranar kasuwa, da hantsi, a iskar da ko wanki ba ta kayar daga igiya ba. Inna na fadama tana cire ciyawa a shinkafarta, ba abin da ya same ta, sai tukwanenta. Rufin ya zauna a kan gadonta daidai.

Aka taru. Kawu ya zagaya tarkacen da sandarsa, ya ce dama ya yi shakkar bayan Baturen nan, sharrin ya fi ƙarfinsa, ya zubo a hanya ya dawo. Yana faɗa yana kallon takalman Lezoma. Matar Jaovelo ta ce ita tun farko ta ce a kashe. Soavelo ta ɗauki tabarmar Inna da akushinta ta nufi gidanmu, Inna na bin ta a baya da ƙafarta, tana faɗa mata ta wane gefen gado take kwana.

Ni na tsaya ɗebe ganyen rufi. Da na kai ga azarar, ta karye gida biyu a tsakiya, jikinta duk hudar haƙori, tsoho da sabo. Na sa yatsa a wajen karayar, ya shige kamar a dafaffen rogo. Cikinta tsutsa ce fal, farare masu ƙiba.